Larabar da Aka Ba Kusurwa

Jikata ta dawo daga ofis da labarin wai ana so a mayar da aikin mako kwana huɗu, har an rabu gida biyu a wurinsu, masu so da masu ƙi. Ta tambaye ni ra'ayina. Na ce ta ajiye jakarta ta zauna. Mu a zamaninmu daga shida muka nemi a dawo biyar, kuma mun samu. Amma duk sanda aka tayar da maganar nan, ba hutun nake fara tunawa ba. Kusurwa nake tunawa.

A gidan wanki muka yi aiki tare, irin babban nan da ke wanke wa otal-otal da asibitoci zannuwan gado da tawul. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano. Injinan wanki suna can ƙurya suna gurnani, na busarwa a tsakiya, sai injin guga inda nake tsayawa ina cusa masa zani yana fito da shi ta ɗaya gefen da zafinsa. Bayan injin gugan teburin ninki yake. Shi ne ƙarshen layi. Duk abin da ya wuce teburin nan sai mota, daga mota sai gadon wani.

Babban zanin gado mutum biyu ke ninke shi. Kowace ta kama kusurwa biyu, ku ja da baya har ya miƙe, ku girgiza shi sau ɗaya. A lokacin da yake miƙe ɗin nan ake duba shi: in da tabo ko yagewa sai a ce "Koma!" a jefa shi kwandon sake wanki. In tas yake, ku haɗa gefe da gefe, ku taho ku haɗu a tsakiya, ɗaya ta miƙa wa ɗaya, a sunkuya a ɗauko ƙasan. Haka daga safe har a tashi.

Kusurwa ta zo gidan tun kafin ni. Mijinta direba ne, ya rasu ya bar ta da yaro a goye, wata maƙwabciya ta kawo ta. Doguwa ce, ba ta da fara'a sosai, tafin hannunta ya yi fari fat saboda bilic, ruwan cire tabo. Sunan ya samo asali ne daga tsawar da take yi wa duk sabuwar zuwa: "Kama kusurwa, ba tsakiya ba! Zani ne ko kunnen ɗanki?" Ni ma na sha wannan tsawar kafin a mayar da ni injin guga. In ta ga ninki ya karkace, ko motar tana jira, sai ta zare shi daga ƙasan tuli ta warware. Ta taɓa ce mini majinyaci ba ya iya zaɓen ciwonsa, to aƙalla a ba shi zani mai kyau. Iyakar falsafarta ke nan, ban taɓa jin wata ba.

Abokiyar ninkinta muna ce mata Rediyo. Gajera ce, mai awarwaro a hannun dama, kuma bakinta ba ya mutuwa. Ta ba ki labarin kishin kajinta, ta koma kan mafarkin da ta yi, ta koma kan mai gidan hayarsu, duk a ninki ɗaya. Kusurwa takan ce, "Wai ina makunnin abin nan yake a kashe?" Rediyo ta ce, "Yaya, ai ranar da na yi shiru sai kin yi kuka." Sun fi shekara ashirin suna fuskantar juna.

Idon Kusurwa ya fara lalacewa ne daga gefe. Kofin shayi a gefen teburi, sai hannunta ya ture shi. Keken kaya a gefen hanya, sai ta yi karo da shi ta hau faɗa: wane mara hankali ne ya ajiye shi a nan? Alhali nan ne mazauninsa tun da aka gina gidan. Daga baya ta gaya mini kamar mai leƙe ta cikin bututu take gani, kuma bututun yana ƙara tsukewa. Sai hazo ya shigo cikin bututun ma. Tabo ya fara wuce ta.

Rediyo ce ta fara ganewa, kuma ba ta ce mata komai ba. Abin da ta yi shi ne, in suka miƙe zani ta hango tabo, sai ta fizgi gefenta sau biyu a hankali. Kusurwa ta ji a hannunta, ta ɗaga murya yadda ta saba: "Koma!" Duk wanda ke kallo zai rantse ita ta gani. Surutun Rediyo kuma ya zama mata fitila. Da muryar take sanin inda take, da nisan da ke tsakaninsu, da daidai inda za ta miƙa hannu. Ni kuma nakan ajiye zannuwan da suka fito daga guga a wuri ɗaya, in lanƙwasa kusurwar na sama ta fuskanci hannunta. Mu uku muka san zancen, kuma ko a tsakaninmu ba mu taɓa kiran sunansa ba sai sau ɗaya.

Ranar na ce mata, "Yaya, ki je a duba miki idon nan."

Ta ce, "Yaushe? Ranar da muke hutu su ma suna hutu."

Gaskiya ta faɗa. Asibitin ido a ranakun aiki kawai yake ganin mutane, kuma sai kin kama layi tun safe ki ɓata yinin. Kafin ki samu yinin sai kin je gaban shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Agogo, kin faɗa masa dalili. Mai duba tabo ta je ta ce ba ta gani? Rediyo ta sa baki ta ce ai yanar ido ce, irin ta kakarta, kuma ita yanar sai ta nuna ake cirewa, in an yi gaggawa dawowa take yi. Haka kowa ya sani a lokacin. Aka bar ido ya nuna.

Ba don abinci take riƙe da aikin ba. Ɗanta ya girma, yana gyaran lantarki, ya daɗe yana roƙonta ta zauna a gida. Matarsa ma ba ta da laifi, sai dai mace ce mai son sauya wa kujeru wuri. A gidan, in Kusurwa ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta ɗauki wuƙa a karɓe, "Mama zauna, Mama bari." A gidan wanki kuwa ƙafarta ta haddace kowane taku daga ƙofa zuwa teburi. Ta ce mini, "A can kaya ce ni, ana ɗagawa ana ajiyewa. A nan in na yi tsawa har direba sai ya tsaya." Teburin nan shi ne abin da take tsoron rasawa, ba wani abu ba.

Ana haka wakilin ƙungiyar ma'aikata ya zo da labari. Masu gidan sun yarda kowa ya riƙa yin kwana biyar, albashi yana nan yadda yake. Amma da sharaɗi: inji ba zai tsaya ba. Gidan zai ci gaba da aiki kwana shida, ƙarin ranar hutun kowa daban, a riƙa cike gurbin juna. Ya ce mu je mu yi shawara, za a ɗaga hannu.

Wata guda ba a yi wata hira ba sai wannan. A rumfar cin abinci, a bakin famfo, a cikin motar komawa gida. Wani tsoho mai kula da tukunyar tururi ya ce yaudara ce, aikin kwana shida za a dunƙule a cusa mana cikin biyar, mu fita da ciwon baya. Direbobi suka ce ko rabin yini aka ba su suna so. Wadda ta fi kowa zafi wata ce daga sashen tawul, Maman Tagwaye. Mace ce mai shiru-shiru, amma a kan wannan ta buɗe baki. Ta ce yaranta sun kusa gama firamare ba ta taɓa ganin fuskar malaminsu ba. Ta ce ranar hutu ɗayar da muke da ita ba hutu ba ce, wankin gida ne, daga wanki zuwa wanki.

Kusurwa ba ta shiga musun ba sai ranar ɗaga hannu. Muna rumfa, wakili yana tsaye a kan benci, sai ta miƙe.

"Hutun me? Wa ya ce muku na gaji?"

Wani direba ya ce, "Ke dai Inna inji ce, mai kawai ake zuba miki."

"Kai da kake yini a zaune kana murɗa sitiyari, hutun me kake nema? Gindinka ne ya gaji?"

Aka kwashe da dariya. Ta jira aka lafa, ta ce, "Ninki sabo ne. Hannu ya san hannu. In kuka riƙa haɗa mutum da wannan yau, da waccan gobe, zani zai riƙa fita a karkace."

Maman Tagwaye ta ce, "Inna, da girmanki, amma zani ya karkace mana. Mu ne muka karkace ba wanda ya ce a koma da mu."

 Dalilin Kusurwa na gaskiya ba mai faɗuwa ba ne a gaban mutane, na bogin kuma an ture shi da magana ɗaya. Ta zauna.

Rediyo tana zaune a gefenta na hagu. Na san abin da ke cinta. Gwiwoyinta sun kumbura har ba ta iya durƙuso, ga mahaifiyarta kwance a gida ba mai juya ta sai 'yar maƙwabta. Da aka ce masu so su ɗaga hannu, na ɗaga nawa, kuma ko yau aka sake zan ɗaga. Na waiga. Rediyo ta kalli Kusurwa, ta san a gefen nan ba ta ganin komai. A hankali ta ɗaga hannu, bakinta a rufe. Masu so suka yi rinjaye nesa ba kusa ba.

Da muka koma bakin aiki suka miƙe zani na farko, Kusurwa ta ce, "Gobe in za ki ɗaga hannu a ɓoye, ki cire awarwaro."

Rediyo ta ce, "Yaya..."

"Ja zanin. Ban ce kin yi laifi ba. Kuma ki yi magana, ban san inda kike ba."

Da aka raba ranaku, Rediyo ta samu Litinin, ni da Kusurwa Laraba. Rediyo ta je wurin Mai Agogo ta roƙi a haɗa su rana ɗaya. Ya ce ina, manyan masu ninki biyu su tafi hutu tare, wa zai riƙe teburin? Ai amfanin tsarin ke nan, kowace ta koya wa wata. Ya tambaye ta ko akwai wani dalili. Ta ce babu. Aka ce duk Litinin Maman Tagwaye za ta baro tawul ta kama wa Kusurwa.

Kusurwa ta hana a gaya wa Maman Tagwaye zancen idon. Ta ce yarinyar da aka haifa tana bakin teburin nan ba za ta ja ta kamar akuya ba. Rediyo ta yi kunnen uwar shegu, ta ja Maman Tagwaye bayan injin busarwa ta koya mata fizgar nan sau biyu. Matar ta riƙe baki ta ce, "Wayyo, da na sani da ban mayar mata da magana a rumfa ba." Ta yi iya ƙoƙarinta, wannan zan shaida. Tana fizga, Kusurwa tana cewa "Koma!" ba tare da ta nuna ta san daga ina aka koyo ba. Abin da ba ya koyuwa shi ne surutu. Maman Tagwaye takan fara labari, jimla biyu ya ƙare, ta yi shiru tana neman wani. A cikin shirun nan Kusurwa za ta taho ta miƙa hannu inda babu kowa, zani ya faɗi a jiƙaƙƙen siminti. Nakan ɗaga murya daga injin guga in cike gurbin, amma ƙarar inji ta fi ni, kuma ni ba inda ya kamata muryar ta fito nake ba.

Larabobinta na farko a gida ta yi su. Na tambaye ta yaya hutu, ta ce an sake juya kujeru.

An yi wata biyu ana lallaɓawa. Sai wata Litinin aka kira Maman Tagwaye a waya daga makarantar yaranta, ta fita ƙofa ta amsa. Motar asibiti tana jira, direba yana ta danna ham. Mai Agogo ya fito daga ofishinsa, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Yaya, kawo in kama miki, ai ke kika koya mini." Gaskiya ne, a teburin ya fara kafin a ɗaga shi.

Suka ninke na farko lafiya. Na biyu ma haka. Na uku da suka miƙe shi, daga inda nake na hango tabon maganin ciwo, ruwan ƙasa, faɗinsa ya kai tafin hannu biyu, kusa da gefenta. Ya fito ta ƙasan injin inda ban lura ba. Mai Agogo ya tsaya yana jiran tsawar da ya saba ji. Ba ta zo ba. Kusurwa ta haɗa gefe da gefe ta taho.

Bai karɓa ba. Ya ja baya ya sake miƙe zanin. Ya ce, "Yaya, duba da kyau."

Ta sunkuyar da kai ta bi zanin da ido daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ta yi shekara da shekaru. Ta ɗago ta ce, "Tas yake."

Na kashe injin guga. Ban san dalilin da ya sa na kashe ba, amma shirun da ya biyo baya shi ya gaya mata. Ta saki kusurwoyin.

Mai Agogo ba mugu ba ne. Ya naɗe zanin ya jefa kwando da kansa, ya matso ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Tun yaushe?" Ta dafa teburin. Ya ce, "Jibi Laraba, ranarki ce. Ki je asibitin ido. In aiki ne a yi miki, teburinki yana nan."

Ni na raka ta, tunda ranarmu ɗaya. Muka kama layi tun safe, ba mu shiga ba sai bayan azahar. A kan benci tana ta lissafin in an cire yanar mako nawa za ta yi kafin ta koma, har tana cewa a gaya wa Rediyo kada ta saba da hannun wata. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ba. Ta ɗiga mata magani, ta haska, ta sa ta kallon wani akwati tana danna maɓalli in ta ga haske. Ta daɗe ba ta danna ba.

Likita ta ce, "Mama, wa ya ce miki yanar ido ce?"

"Kowa."

"Ba yana ba ce. Hawan jinin ido ne. Yana cin jijiyar gani a hankali, daga gefe. Abin da ya ci ba ya dawowa."

"To a yi aikin mana."

"Ba abin da za a cire. Zan ba ki maganin ɗigawa mu riƙe ɗan abin da ya rage. Da kin zo tun sanda kika fara karo da kaya, wannan maganin dai shi zan ba ki, kuma da yanzu kina ganina sarai. Me ya hana ki zuwa?"

"Aiki."

"Ba ku da ranar hutu ne?"

Kusurwa ta ce, "Yanzu aka ba mu."

A motar komawa ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Kwalbar maganin tana hannunta tana juya ta. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai babban yatsa ba. Mun kusa sauka ta ce, "Wannan ce fa. Wannan 'yar abar." Can kuma ta ce, "Ranar da na tashi a rumfa ina zagin mutane, ashe ranar tawa ce suke nema mini. Sun dai makara." Ta yi tsaki, ta ce in riƙe mata hannu a matakala. Shi ne karo na farko da ta nemi haka.

Ba ta koma teburin ba. Ba a barin mai irin idonta kusa da inji, kuma ita ma ba ta roƙa ba. Aka yi mata sallama a rumfa, aka ba ta bargo. Maman Tagwaye ce ta gaji gefenta, kuma ta iya, har tsawar ta ɗauka. Tsohon nan mai tukunyar tururi ma bai yi ƙarya ba, aikin ya ƙara matsewa, amma ba wanda ya ce a mayar da mu kwana shida. Ni na yi amfani da Larabata, na ga likitan haƙori, na ga jikokina da rana tsaka.

Rediyo takan je wurin Kusurwa ranar Litinin, in ta gama juya mahaifiyarta. Na taɓa biyawa bayan an tashi daga aiki na tarar da su a tsakar gida, matar ɗan ta fito musu da zannuwan gidan kaf, har da wankakku na cikin akwati, suna miƙewa suna ninkewa. Rediyo tana ba da labarin kaji. Da suka gama Kusurwa ta ce a warware a sake, na ƙarshen ya karkace. Ba ta ga komai ba, a hannu ta ji, kuma da na duba ya karkace ɗin. Daga baya gwiwa ta kayar da Rediyo, zuwan ya ragu, ya koma gaisuwa ta waya. Ɗan hasken da likita ta ce a riƙe ya riƙu shekara biyu ko uku, sannan ya tafi. Kusurwa ta rayu bayansa a ɗaki ɗaya da ta hana kowa taɓa kujerarsa. Allah ya jiƙanta.

Jikata ta ce, to ni yanzu ina goyon baya ke nan ko ba na goyo? Na ce ku karɓa, kada ku tsaya jan rai. Amma kafin ku ɗaga hannu ku dubi wanda ya tashi yana cewa shi bai gaji ba, ku ja shi gefe ku tambaye shi abin da ke damunsa, don ba a gaban taro zai faɗa ba. Kuma ranar farko da aka ba ki, kada ki kwanta barci, kada ki yi wanki. Ki je a duba miki ido.